Zoɓon da Hanatu Ta Daina Ɗanɗanawa

Duk wanda ya daɗe a Sabon Garin Gusau, in dai yana neman abin sanyi da rana, to ya sha zoɓon Hanatu. Gajeruwa ce, mai ƙaramar murya, kullum tana zaune bakin wani shagon ɗinki da shuɗiyar kularta. Ba ta iya tallan baki ba. In ka saya ta yi godiya, in ka wuce ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi maka laifi. Matan unguwa kan ce Allah ya ba Hanatu hannu mai daɗi ya hana ta ƙarfin hali, kuma ba sharri suka yi mata ba. Tana tsoron tsaka, tana tsoron tsawa, ɗan sanda kuwa ko gaishe ta ya yi sai ta nemi wurin ɓuya.

Tsoron nan gado ta yi. An haife ta a wani ɗan ƙauyen Kiristoci da ke bayan Kucheri, cikin ƙasar Tsafe. Kakanta Bamaguje ne da ya ƙone kayan tsafinsa ya bi Yesu, amma tsoron da ke cikin gidan bai ƙone tare da kayan ba, wuri kawai ya sake. A da iskoki ake tsoro, sai aka koma tsoron Jibin Ubangiji, wato gutsuren burodi da ɗan kofin da masu baftisma kan karɓa don tuna mutuwar Yesu. Kakarta ba ta gajiya da ba su labarin wani mutum da ya saci dawar maƙwabcinsa, ya zo ran Lahadi ya miƙa hannu ya karɓi kofi, kafin kaka cikinsa ya kumbura ya mutu. Sauran jikoki su yi dariya su ce ciwon hanta ne. Hanatu kuwa ta haɗiye labarin ɗungurungum, ta girma da shi.

Aure ya kawo ta Gusau, gidan Ishaku kafinta, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Cocinsu ƙarami ne, ba shi da halin sayen ruwan inabi, don haka zoɓo ake zubawa a kofunan Jibi. Da aka ji hannun Hanatu, sai aikin ya zama nata. Lahadin farko na kowane wata za ta tafasa, ta tace da sabon ƙyalle, ba citta ba kanumfari, sukari kawai. Ba ta da awo. Kowane zoɓo da irin tsaminsa, na bana ba ya zama kamar na bara, saboda haka harshenta ne ma'auninta. Ta zuba sukari, ta ɗiba a ludayi ta kurɓa, ta ƙara, ta sake kurɓa, har ya yi daidai. Shekara da shekaru haka take yi, ba wanda ya taɓa yamutsa fuska a cikin sujada saboda ita.

Abin ya faru ne da damina, lokacin da gero ya fi mutum tsawo, kuma duk mai bin hanyar Tsafe ya san abin da hakan ke nufi. Aka yi rasuwa a ƙauyensu, zumuntar matan coci ta tura mutum biyu gaisuwa: Hanatu, don ita ce 'yar gida, da Biriskila, shugabar mawaƙansu. Biriskila doguwa ce mai murya, wadda in ta ɗauki waƙa har masu shago a bakin titi sukan ji. Hanatu ta so su sa zanen gida. Biriskila ta ce ba a zuwa gaisuwa da sunan zumunta sai da zanen zumunta, wanda aka buga wa gicciye tun daga ƙugu har idon sawu. Da yake Hanatu na tsoron Biriskila ma, sai ta ɗaura.

A dawowa suka shiga ƙaramar bas. Biriskila ta zauna kusa da ƙofa saboda tsawon ƙafafunta, Hanatu ta matsu a can baya gefen wata tsohuwa mai kwandon daddawa. Ba su kai Tsafe ba aka ji harbi. Direba ya taka birki, mutane suka fito daga cikin gero da bindigogi, mafi yawansu yara matasa. Kafin Hanatu ta san inda kanta yake, tsohuwar nan ta zaro wani dogon hijabi daga jakarta, ta zura mata shi daga kai har ƙasa.

Aka fito da kowa aka kwantar a bakin kwalta. Wani mai rawani ya tsaya a kan Biriskila, ya dubi zanenta, ya ce wa 'yan uwansa, "Ga ta 'yan coci nan, a tahi da ita." Sa'an nan ya ɗaga murya. "Akwai wata irinta nan?"

Kunnuwan Hanatu suka toshe. Ta ji wata murya ta yi magana, ba ta gane abin da aka ce ba, bugun zuciyarta kaɗai take ji. Bakinta na nan a rufe. Can sai ga ƙafafun mai rawanin a gabanta.

"Wagga fa?"

"Ɗiyata ta, Hasana," in ji tsohuwa. "Masassara ka cin ta, asibiti za ni kai ta. Kai ma kana gani."

Lalle kuwa ana gani, don jikin Hanatu na kaɗawa kamar mai jin sanyin zazzaɓi. Mutumin ya zungure ta da bakin bindiga. "Ke, haka na?"

Hanatu ta gyaɗa kai.

Suka ɗebi maza da wasu mata, har da Biriskila, suka shige cikin gero. Tsohuwa da mara lafiya ba sa saurin tafiya, sai aka bar su. Wata mota ta kwaso waɗanda suka rage zuwa Gusau, kuma a tasha tsohuwar ta ce mata sunanta Ma'u mai daddawa, a Karakkai take, can ƙasar Bungudu. Sai da Hanatu ta shiga lungunsu sannan ta lura hijabin na jikinta. Ta cire da sauri ta cusa a jaka.

Ta ba Fasto labari, ta ba mijin Biriskila labari, ta ba matan zumunta labari tana kuka. Abu biyu kawai ta tsallake: hijabin, da gyaɗa kan nan.

Ran Lahadin Jibi na gaba ta tafasa zoɓo kamar kullum, ta zuba sukari, ta ɗaga ludayi zuwa bakinta, sai hannunta ya tsaya. Ta tuna gargaɗin da ake yi kafin a raba kofi, cewa kowa ya bincika kansa kada ya sha wa kansa hukunci. Ta tuna an koya musu tun suna yara cewa wanda ya ƙi sanin Yesu a gaban mutane, shi ma zai ƙi saninsa a ranar ƙarshe. An tambaya ko akwai wata irin Biriskila, ta yi shiru. An kira ta da sunan da ba nata ba, ta amsa da kai. Ɓarawon dawa ma cikinsa ya kumbura, balle ita. Ta mayar da abin da ke ludayin cikin tukunya.

Mai hankali zai ce zoɓon da ke kan murhu ai ba a yi masa addu'a ba tukuna, ɗanɗanawa ba sha ba ne. To, je ka faɗa wa mai tsoro haka. A wurin Hanatu tun daga tukunya abin na Ubangiji ne, kuma ba za ta sa shi a bakin da ya yi shiru ba. Ajiye aikin ma ba ta iya ba, don za a tambaye ta dalili. Sai ta ci gaba da dafawa da ka, tana zuba sukari kaɗan don gudun kada ya yi yawa. A cikin sujada kuwa, in farantin kofuna ya zo hannunta, sai ta miƙa wa na gaba ba ta ɗauka ba.

A ƙaramin coci ba a ɓoye irin wannan. In mace ta bar kofi ya wuce sau ɗaya, a ce faɗa ta yi da miji. In abin ya yi ta maimaituwa, sai a fara duban mijin da tausayi. Ishaku ya tambaye ta, ta ce ba komai, ya haƙura da nasa ciwon. Wanda ta fi tsoro shi ne Baba Yusha'u, babban dattijon ikkilisiya, tsohon malamin makaranta, wanda shi ke sanar da sunan duk wanda aka sa ƙarƙashin horo. Mai horo a bencin baya yake zama, ba ya waƙa, ba ya Jibi, kowa na shigowa yana ganinsa. Duk lokacin da Baba Yusha'u ya gyara tabarau ya dubi sashen mata, sai Hanatu ta ji kamar an kira sunanta.

Bayan an yi girbi aka sako Biriskila. Ta dawo a rame, ƙafafunta a kumbure, amma muryarta na nan. Ranar da ta shigo coci mata suka tashi da rawa da guɗa, Hanatu ma ta yi murna har cikin ranta, tana murna tana neman inda za ta ɓuya. Ba ta san me Biriskila ta gani ba. Abin da ta sani shi ne, duk sa'ad da suka haɗu Biriskila kan tsaya ta dube ta kamar za ta yi magana, ita kuma sai ta tuna ta bar wani abu a kan wuta.

Hijabin na nan ƙasan akwatinta yana hana ta sukuni. Wata safiya ta ce wa Ishaku za ta Bungudu sayen zoɓo, ta shiga mota. Tun daga tasha take addu'a, duk mashin da ya ɓullo daga daji sai ta runtse ido, amma ta isa Karakkai lafiya. Ba ta sha wahalar tambaya ba, warin daddawa ma ya isa ya kai baƙo gidan. Ta tarar da Inna Ma'u na shanya a tsakar gida.

Tsohuwa ta gane ta nan take. Ta karɓi hijabin, ta kai hanci ta shinshina.

"Na ɗiyata Hasana na," ta ce. "Ta rasu wurin haihuwa. Yawo nika yi da shi cikin jaka ban san dalili ba, sai rannan."

Hanatu ta yi mata gaisuwa, ta yi godiya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai wannan Musulmar da sau ɗaya suka taɓa haɗuwa.

"Ƙarya dai ni nay yi ta," in ji Ma'u. "Ni ka amsa ta gaban Allah, kuma ba ni jin ɗar."

"Inna, amma ni na gyaɗa kai."

"To wannan ban sani ba, ɗiyata. Addininku na. Ku ba ku da malamai? Ki tambaya."

"Tsoro nika ji."

"Da tsoron kinka biyo hanyar ga har kinka iso. Ki tahi da shi wurin tambayar."

Ta ƙulle mata daddawa a leda, ta raka ta bakin hanya.

A lokacin cocinsu ya daina taron addu'ar yamma saboda halin da ake ciki. A maimakonsa Fasto ya kawo zaman tambaya, da zarar an tashi sujadar Lahadi. A juya bencina a yi da'ira, kowa ya tambayi abin da ke damunsa game da bangaskiya, kowa kuma ya ba da amsa, ba Fasto kaɗai ba. Da farko dattawa ba su so ba, sun ce tambaya na kawo shakka. Amma mutane suka riƙe abin. An yi gardama a kan ko Kirista zai ci naman layyar maƙwabcinsa, an yi a kan ko laifi ne mutum ya roƙi Allah ya hallaka masu bindiga. Hanatu na zuwa kullum, tana zama bayan wata mai jiki, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Lahadin da ta biyo bayan zuwanta Karakkai, Fasto ya ce ko akwai mai tambaya, sai aka ga Hanatu tsaye. Ita kanta ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta riƙe bencin gabanta da hannu biyu.

"Wata mata ta," ta ce, sai aka ce ta ɗaga murya. "Wata mata ta, anka tare su a hanya. Anka rufe ta da hijabi, anka ce ita ɗiyar Musulma ta. Anka tambaye ta ko haka na, tag gyaɗa kai. Shin ta yi musun Yesu?"

Baba Yusha'u ya gyara tabarau. "Musu musu na," ya ce, "ko da baki ko da kai. Iyayenmu an kore su daga gidajensu saboda sunan ga, ba su ɓoye shi ba. In munka ce tsoro hujja na, gobe mi za mu gaya wa yaranmu?"

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ba wanda ya tambayi matar ko wa take bauta wa, suna kawai aka tambaya. Wani ya ce ai almajirin Yesun nan da zakara ya yi wa cara da bakinsa ya rantse bai san Ubangiji ba, kuma shi aka ba kiwon garken masu bi daga baya. Baba Yusha'u ya ce haka ne, amma sai da ya fita ya yi kuka mai zafi, bai ce ba komai ba. Wata tsohuwa ta ce ita dai ta san Allah ne ya kawo hijabin, wa zai ce a ƙi kyautar Allah? Magana ta yi zafi, kowa da nasa. Aka juya ga Fasto.

"Ban sani ba," ya ce. "Ban taɓa kwantawa gaban bindiga ba. In na ce muku na sani, na yi ƙarya."

Hanatu ba ta taɓa jin fasto ya faɗi haka ba, kuma abin ya ƙara tsorata ta. Baba Yusha'u ya sassauta murya, don shi ba mugu ba ne, tsauri ne da shi. Ya ce in matar na kusa, a gaya mata ta zo ta sami dattawa a ɓoye. Ƙofa ce ya buɗe mata, kuma Hanatu ta ga ƙofar sarai.

"Ɓoyon na ya ishe ni, Baba," ta ce. "Ni ta. Kuma da anka tambaya ko akwai wata irin Biriskila, shiru nay yi."

Ba ta dubi Ishaku ba, ba ta dubi kowa ba. Ta ji benci ya yi ƙara, ta san Biriskila ce ta tashi, ta jira abin da ya cancance ta.

"Na sani," in ji Biriskila. "Ina kwance ina kallon bakin zanenki ya leƙo ƙarƙashin hijabi, rabin gicciye a waje. Da mai rawanin yat tambaya ko akwai wata, ni nac ce mai ni kaɗai ta. Ba ki ji ba?"

Hanatu ta ɗago kai. Ta tuna muryar da ta ji ba ta gane ba.

Biriskila ta ci gaba. "Addu'a guda nay yi wurin nan, kada shi dubi ƙafarki, kada ki buɗe baki. Kuma anka amsa mani nan take, ina gani. Shi nar riƙe cikin daji. Ba ni ɓoye maki, akwai ranakun da naj ji haushinki, ina kwana kan ƙasa ke kina gida. Amma ko a ranakun ban so a ce kin yi magana ba." Ta juya ga dattijon. "Baba, in ita da kai ta yi, ni da baki nay yi ƙarya. Bencin baya ya ɗauki mu biyu?"

Baba Yusha'u ya cire tabarau ya goge, ya ce sai dattawa sun zauna.

Dattawa suka zauna, suka tashi ba su daidaita ba. Baba Yusha'u na nan a kan bakansa cewa abin da aka yi ba daidai ba ne, sai dai ya ce shi ba zai iya kiran sunan kowa ba. Fasto ya zo har wurin kularta ya faɗa mata. "Ba mu sa ki horo ba, ba mu kuma ce maki ba komai. Teburin Jibi ba namu ba ne. Ki tambayi mai shi." Hanatu ta so a ce an yanke mata hukunci ko wane iri ne ta huta. Sai ga shi an bar ta da Yesu ita kaɗai, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta yi ta addu'a a kwanakin nan, ba irin wadda ta haddace ba, magana kawai, ta gaya masa abin da ta yi da irin tsoron da ta ji. Ba ta ji wata murya ta amsa ba.

Lahadin Jibi ta zo. Ta dafa zoɓo da ka kamar yadda ta saba a watannin nan, ta kai coci, ta zauna. Biriskila ta bar wurin mawaƙa ta zo ta zauna gefenta. Aka yi gargaɗin nan na kowa ya bincika kansa. Burodi ya zo, Hanatu ta ɗauki ɗan mitsitsi ta riƙe a tafin hannu har ya jiƙe da zufa kafin ta kai baki. Sai farantin kofuna ya iso hannun Biriskila. Ta ɗauki nata, ta miƙo farantin gaban Hanatu, ba ta saki ba. Layin duka na jira.

Hanatu ta tuna mutumin da cikinsa ya kumbura. Tsoron bai tafi ko'ina ba, yana nan daram. Ta miƙa hannu da shi, ta ɗauki kofi, ta rufe ido ta kurɓe.

Tsami ya kama mata muƙamuƙi har cikin kunne. Ta zaci hukuncin ne ya fara. Sai da ta haɗiye sannan harshenta, wanda ya fi ta hankali, ya gaya mata gaskiya: sukari ne babu.

Biriskila ta sunkuyo kusa da kunnenta. "Kin ji abin da anka yi wata da watanni ana sha?"

Hanatu ta buɗe ido ta dubi coci. Ga Ishaku can ya haɗiye nasa, fuskarsa ko motsi. Ga tsohuwar nan ta zaman tambaya, ga ma'aikaciyar jinya, ga Baba Yusha'u a gaba ya runtse ido ya shanye ya ajiye kofi a hankali. Duk watannin nan da take ganin kowa jiran faɗuwarta yake yi, wannan abin suke sha daga hannunta, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mata ya yi tsami. Ta rufe fuska da gefen zane ta yi kuka, kuma ba kukan tsoro ba ne.

Har yau Hanatu na tsoron tsaka, har yau ba ta son hanyar Tsafe, kuma in ka tambaye ta ko gyaɗa kan nan musu ne, za ta ce maka ba ta sani ba, tana dai tambaya. Lahadin farko na watan da ya biyo baya ta tafasa zoɓo ta tace, ta ɗaga ludayi, ta kurɓa, ta ƙara sukari.